Yanyawar Ɗan Rasha

Mun tashi da asuba ranar Asabar ɗin da ta wuce, ana idar da salla, sama na ɗan yayyafi a unguwarmu Nzeng-Ayong, nan Libreville. Mu biyu ne cikin tsohuwar motata katkat mai shiga laka, ni da maƙwabcina, wani Bakano mai kanti a bakin layinmu. Na ukunmu yana jiranmu a Owendo. Tun da na dawo kuke damuna a waya, kowa yana tambayar ina rabonsa na nama. To ga labarin nan na rubuta, ku karanta ku bar ni in huta. Nama dai babu, kuma ba rowa na yi ba.

Na ukun namu Bature ne ɗan Rasha, dattijo mai faɗin kafaɗa, kansa fari fat. Aikin lantarki yake yi a ƙananan jiragen nan na tashar Owendo masu jan manyan jirage zuwa gaɓa. Tun bara nake ɗaukarsa, in kai shi kasuwa ya sayi kifi da kabeji, in mayar da shi masaukinsa. Faransancinsa a karye yake, nawa kuma na tasha ne, amma muna gane juna. Shi yana ce mini Kapitan don ni ke riƙe da sitiyari. Ni kuma Mushe nake ce masa, yadda mu mutanen Damagaram muke ce wa malamin lakwal, wato makarantar boko, da duk wani mai wando da takalmi. Duk lokacin da Bakano ya ji na faɗa sai ya yi dariya, wai shi mushe ɗaya ya sani, wanda ungulu ke sauka a kai.

Bari in faɗa muku abin da ya kai mu tun yanzu, don kada ku ɓata yadda na ɓata. Mushe yana da aboki a ƙasarsu, tare suka tashi tun suna yara. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama abokin, ya tafi da bakinsa da hannunsa na dama. Ba ya magana, kuma ko an miƙo masa waya don a gan shi ture ta yake yi. Abu ɗaya ya rage masa. Da yatsan hagu yana iya buga irin saƙon nan na tangaraho a rediyo, ɗan sauti dogo da gajere. An sayar da gidansa, ranar Lahadi 'yarsa za ta kwashe shi zuwa wurinta a babban birni, can saman bene inda ba wurin kafa eriya. Asabar ɗin nan da la'asar ita ce rana ta ƙarshe da zai zauna gaban rediyonsa. Sun ƙulla ta bakin 'yar cewa Mushe zai neme shi a iska daga Gabon. In an dace, to. In ba a dace ba shi ke nan, don Mushe ba zai sami hutun zuwa gida ba sai bayan damina, 'yar kuma ta ce masa kada ya dogara da wannan.

Ni duk ban san haka ba. Abin da Mushe ya ce mini kawai shi ne ranar Asabar za mu Cocobeach farautar renard. Kalmar na santa tun ɗan zaman da na yi a lakwal kafin in gudu: yanyawa ce, ko ɗan uwanta dila. Na yi mamaki, don yanyawa dabbar rairayinmu ce, ban taɓa jin an ganta a wannan jiƙaƙƙen dajin ba. Amma direba ba ya gardama da inda fasinja ya ce a kai shi. Kuskurena ɗaya, na faɗa a ƙofar masallaci. Nan take aka kasu biyu, wasu su ce cinta makaruhi ne, wasu su ce haram. Bakano ya ce ku yi ta musu, wanda ya fita neman yanyawa ai ba zai ga gada ya kau da kai ba. Ya bar wa matarsa kanti, ya zo da ƙatuwar kula cike da ƙanƙara, da ƙullin yaji, da doguwar wuƙa da ya kai aka wasa masa. Wai in Bature ya harbi dabba shi zai ruga ya yanka ta kafin rai ya fita, kada ta zama sunan Baturen.

A Owendo muka tarar da Mushe tsaye a bakin ƙofa da kayansa: jaka ɗaya, da wani dogon kwaroro baƙi. Bakano ya zungure ni da gwiwar hannu, ya ce ga bindigar can. Muka ɗora, muka juya. Manyan motocin katako sun riga sun fara jerin gwano zuwa tasha, kowace da gungume uku ko huɗu da sun fi ɗakina faɗi. A mahaɗar PK12 mutane sun cika titi suna tare taksi cikin ruwa. Muka tsaya wurin wani ɗan Tawa mai shayi muka sha da burodi. Kome ya yi tsada a garin nan, har burodin ya rame.

Tun daga nan Mushe ya fara abin da ya dame ni duk hanya. Ya ɗora yatsa a gaban motata yana bugawa: daa daa, daa daa daa, dit. Ya tsaya, ya sake. Na ɗauka wani abu ne ya kwance a injin, har na rage gudu ina saurare.

A Ntoum muka bar babbar hanya muka yi arewa. Wannan hanyar ana ta aikinta, wani wuri ka samu mai kyau ka ce alhamdu lillahi, kafin ka rufe baki ka faɗa jar laka. Daji ya rufe dama da hagu, kore shar har ido ya gaji. Ƙauyukan gidajen katako ne a jere bakin hanya, kowanne da tebur a ƙofa: ayaba, abarba, dunƙulen rogo a naɗe cikin ganye, da kwalaben bammi waɗanda ba ruwanmu da su.

Ba mu yi nisa ba muka iske shinge, jandarmomi da masu kula da daji. Ɗaya daga masu kula da dajin ya leƙo ya tambaye ni ina zuwa. Ni da bakina, da fara'ata, na ce farauta. Fuskarsa ta canza. Ashe an rufe farauta a wannan lokacin na shekara. Suka ce mu sauke kome. Suka buɗe baƙin kwaroron, sai ga sanda irin ta kamun kifi mai shiga cikin juna. Suka buɗe jakar, ga waya a naɗe, ga wani akwati da bai fi burodi girma ba, ga abin sa wa a kunne, ga ɗan ƙarfe mai maɓalli a kai. Duk motar makami ɗaya aka samu, wuƙar Bakano.

Sai a nan Mushe ya gane abin da na faɗa musu. Ya yi dariya har ya dafa mota yana tari. Ya fito da takardar izinin rediyonsa, ya yi musu bayani da hannu da baki. Suka duba, suka buga waya suka tabbatar, aikinsu suka yi ba su wulaƙanta kowa ba. Amma rana ta ɗaga kafin su sallame mu. Muka mayar da kaya cikin gaggawa. Sai da muka yi nisa Bakano ya ce, "Badamagare, kai da ka ce ka yi lakwal."

A hanya Mushe ya warware mana. Farautar yanyawa wasa ne na yaran ƙasarsu masu son rediyo. Yaro ɗaya zai shiga daji da ɗan akwati mai aika sauti ya ɓuya, shi ne yanyawa. Yana daga maɓoyarsa yana buga kira. Sauran su bazu da gudu, kowa da abin saurare a hannu mai ƙahoni kamar na barewa, yana juya shi har ya ji inda sautin ya fi ƙarfi. Wanda ya fara kaiwa ya ci. Abin da yake ta bugawa a gaban motata, kiran yanyawa ne. Abokinsa kullum shi ke zama yanyawa, don mai jiki ne ba ya son gudu. Amma wajen ɓuya ba na biyunsa. Ya taɓa shiga tarin ciyawar shanu, ya taɓa kwanciya cikin kwalbati, wata rana har barci ya kwashe shi cikin ƙanƙara. Shi kuwa Mushe kullum shi ne na ƙarshen isowa, don sai ya tsaya tsinkar 'ya'yan itace a hanya.

Na tambaye shi wane irin iyaye ne ke sakin yara cikin daji da ƙanƙara saboda rediyo. Ya ce a zamaninsu kowane gari yana da gidan da gwamnati ta ware wa yara, bayan an tashi daga lakwal kowa ya je ya koyi abin da ransa ke so. Wasu kiɗa, wasu ƙera jirgin sama na katako, su kuma ɗakin rediyo suka faɗa. Malaminsu tsohon soja ne da ya riƙe rediyo a babban yaƙi, kunnensa ɗaya ya mutu, amma da ɗayan yana gane yaron da ya yi kuskure ko ya juya baya. Rediyon farko da kowane yaro ke haɗawa ba ta da batir. Waya ce doguwa a kan rufi, da wata a ɗaure jikin famfon ɗumama ɗaki, da zaren tagulla a naɗe jikin kwali. Ya ce ranar da ya ji murya ta fito daga abin da ya haɗa da hannunsa, bai iya cin abinci ba.

Kayan haɗin ba a samunsu a kanti yadda ake so. Sai su bi bayan masana'anta suna tonon juji, su kwance matacciyar talabijin, su yi musaya a tsakaninsu kamar yadda muke musayar ƙwallon goruba muna yara. Akwai mujalla mai zanen yadda ake haɗa kaya, guda ɗaya takan zaga unguwa har ta yage. Kuma ba a barin yaro ya yi magana a iska haka kawai. Sai ya daɗe yana saurare, ya iya bugun tangaraho, ya ci jarrabawa, sa'an nan a ba shi lambar kiransa. Marasa haƙuri sukan haɗa tasu a ɓoye su sa wa 'yan matan unguwa kiɗa, har 'yan sanda su zo su kwashe kayan. Na ce su ma sun yi? Ya kalli daji ta taga ya ce shi dai ba shi ya riƙe wayar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ya ce a lokacin fita ƙasarsu ba abu ne mai sauƙi ba, amma yaro yana ɗakin rediyo zai gaisa da mutum a bayan teku. Sai dai ba a yarda ka yi dogon zance da baƙo ba. Sunanka, garinku, yadda kake jinsa, da yanayin gari, shi ke nan. Ya ce sun shekara da shekaru suna gaya wa duniya ana ƙanƙara. Nan na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa, da rediyonsa mai rigar fata. Yakan juya ta a hankali bayan magariba har Hausa ta fito daga wata uwa duniya, mu kuma ba mai tari.

Ana cikin wannan muka iske wata motar katako ta kafe a gangare, ta tare hanya gaba ɗaya. Motoci sun yi layi. Ba abin yi sai jira. Matan ƙauyen kusa, da ma sun san wurin, suka fito da gasasshiyar ayaba da atanga dafaffe, wani ɗan itace mai maiƙo kamar atili amma ya fi shi girma. Sun tsuga masa kuɗi don sun ga ba mu da wurin zuwa. Muka ci da sardin ɗin gwangwani. Bakano ya barbaɗa yajinsa a kan atanga, ya ce ai ba zai koma da shi Libreville yadda ya zo ba. Mushe ya ɗanɗana, fuskarsa ta yi ja kamar lakar hanyar, ya ce a ƙara masa.

Yana ci yana duba agogo. A nan ya gaya mana sauran. Da ƙasarsu ta wargaje, ɗakunan rediyo da yawa suka rufe, kayan waje suka cika kasuwa, yara suka koma haɗa kwamfuta, na yanzu kuma mutum-mutumi mai motsi suke haɗawa, kayan ma a waya suke saye. Shi ya bi jirgin ruwa neman abinci. Abokin ya ƙi tafiya ko'ina, ya karɓi ɗakin tsohon malaminsu ya riƙe shi, wani lokacin ba albashi, yara na zuwa suna girma suna tafiya. Da ciwon ya kama shi, 'yarsa ta ga yatsansa na hagu yana ta bugun tebur, ta ɗauka rawar ciwo ce, har ta gaya wa likita. Sai da wani tsohon ɗalibinsa ya zo dubiya, ya zauna ya kasa kunne ga bugun, ya ce mata ai Malam magana yake yi. Ta ce me yake cewa? Ya ce yana cewa miyar nan ba gishiri, kuma tun watan jiya yake faɗa.

Bakano ya ajiye atangarsa. Ya tashi ya tafi wurin motar katakon, ya tuɓe riga ya shiga cikin masu zuba duwatsu ƙarƙashin taya. Mutumin da ko buhun shinkafa ba ya ɗagawa a kantinsa. Na bi shi don kada a ce Bakano ya fi ni.

Azahar ta gota kafin mu shiga Cocobeach. Ƙaramin gari ne a bakin wani faffaɗan ruwa, kana hango ƙaramar Gini, maƙwabciyar Gabon, a tsallake. Ko'ina warin kifi mai ƙyafi. Masuntan yawancinsu 'yan kudancin Najeriya ne da 'yan Benin, kifin kuma ya fi na Libreville araha nesa ba kusa ba. Da yake kan iyaka ne, muka fara kai kanmu wurin hukuma, Mushe ya nuna takardarsa. Na tambaye shi me ya sa ba a Owendo ya yi abinsa ba, muka sha wannan wuyar. Ya ce birni cike yake da ƙarar lantarki da kunne ba ya ji amma rediyo na ji, kuma yana son ruwan gishiri ya kwanta tsakaninsa da ƙasarsu, don sauti ya fi gudu a kansa. Ya fito da abin duba gabas da yamma yana juyawa. Da ya nuna wajen, Bakano ya ce ai wannan alƙibla ce, ka ɗan karkata hagu.

Muka sami wuri a bakin ruwa bayan rumfunan ƙyafe kifi. Mushe ya zare sandar da za ta ɗaga eriya, sai ga ta a tsage tun daga gindi. Wajen mayar da kaya a shinge an ɗora kula a kanta, ramukan hanya suka ƙarasa. Na ce kular Bakano ce, Bakano ya ce tuƙina ne. Mushe ya ɗauki sandar. Ya zauna a kan rairayi da tsagaggiyar sandar a cinya. Tun da na san shi ranar na fara ganin tsoho ne.

Bakano ya ɗauki wuƙarsa ya shige bayan gidaje. Can sai ga shi yana jan wata doguwar gora, mai gonar na biye da shi riƙe da ɗaya bakin. Ya ce da bisimilla ya sare ta, wuƙar dai ba ta yi zuwan banza ba. Da ita aka fere wayar, muka ɗaure a kan gorar, muka haƙa rami muka kafa ta, masunta biyu suka kawo igiyar kwalekwale aka ɗaure ta ta gefe uku. Na ciro batirin motata aka haɗa. Mushe ya sa abin kunne, ya kunna, ya yamutsa fuska. Ƙara ce kawai, ɓurrr, ba ta tsayawa. Ya bi ta da kunne har rumfar wata mata mai sayar da ɗanyen kifi. Gurup ɗinta ne, wanda Bakano ke kira janareto, yana ba firjinta wuta.

Ni da Faransancina na yi magana ta ƙi kallona. Bakano ya juya harshe zuwa broka, Turancin kasuwa na 'yan Najeriya, yana ce mata Mama, yana nuna sama yana nuna bakinsa. Ban san me ya gaya mata ba, na dai ji ta ce kifinta zai lalace, shi kuma ya nuna kularsa ya ce duk wanda ya fara laushi a zuba masa. Ta kashe. Ta ɗauko kujerarta ta zo ta zauna bayan Mushe, sauran matan suka biyo ta.

Mushe ya fara kira da ɗan maɓallin nan. Muka yi alwala muka yi la'asar a gefe. Da muka sallame na ji Bakano yana roƙon Allah ya bayyana yanyawar nan, na ce amin, ban yi dariya ba.

Matsalar da ba mu zata ba, ashe masu irin wannan rediyon ba su cika samun Gabon a iska ba. Ana jin lambar Mushe sai duniya ta rufto masa. Ya cire abin kunne ya buɗe mana mu ji: ƙara a kan ƙara, kamar taksi ɗaya ta tsaya a PK12 da safe. Ya ce wannan daga Italiya, wancan daga Jamus, kowa yana son a amsa masa. Abokinsa kuwa da hannun hagu yake bugawa, a hankali, rediyonsa tsohuwa. Ko yana ciki ba za a ji shi ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta tsallaken ruwa, duk walƙiya sai akwatin ya yi ƙarar tsagewar ƙyalle. Mushe ya ce in tsawa ta matso dole ya cire waya.

Sai ya yi dogon bugu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na tambaye shi me ya ce. Ya ce ya gaya musu mutum ɗaya yake nema, tsoho marar lafiya mai bugu a hankali, yana roƙon kowa ya yi shiru.

Wallahi suka yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba su san shi ba, ba su san juna ba. Wani can ya ci gaba, aka yi masa wani gajeren bugu, shi ma ya bari. Ba abin da ya rage sai shuuu kamar ruwa a kan kwano. Matan kifin ma suka daina hira. Muka zauna haka har na fara jin ƙafata ta mutu.

Can ƙasa, siriri kamar kukan sauro, na ji shi. Daa daa, daa daa daa, dit. Yana ɗingishi, amma shi ne abin da aka wuni ana buga mini a gaban mota. Bakano ya damƙe hannuna har ya yi mini zafi. Mushe ya rufe ido. Tun a hanya ya gaya mana kowane mai bugu yana da hannunsa, ana gane shi kamar murya. Na ce amma wannan ai hannun hagu ne. Bai buɗe ido ba ya ce, "Hagu ko dama, Kapitan, mutumin ɗaya ne."

Suka fara. Yana bugawa, yana saurare, yana jefo mana fassara guntu-guntu. Maganar farko da abokin ya yi bayan lambarsa ita ce, "Ka makara. Ƙafafuna sun daskare." Mushe ya mayar masa da cewa ya tsaya tsinkar 'ya'yan itace ne. Sa'an nan suka yi abin da aka koya musu suna yara, kowa ya faɗi sunansa da garinsu da yadda yake jin ɗan uwansa, kamar ba su san juna ba. Abokin ya ce ƙanƙarar fari ta sauka yau. Mushe ya ce nan zafi ne da warin kifi. Daga nan ya daina fassara mana, mu ma ba mu tambaya ba. Hawaye na bin gemunsa, yana dariya, yatsansa bai tsaya ba. Mai kifin ta cire ɗankwalin kafaɗarta ta miƙa masa.

Can ya juyo ya ce abokin yana tambayar su wa ke tare da shi, ya gaya masa da kaftin da mahauci. Ya ce yaya ake gaida mutum da harshenmu? Muka ce sannu. Ya buga. Sai sautin nan siriri ya dawo a hankali, Mushe yana karanta mana harafi bayan harafi har ya cika: sannu. Mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya iya furtawa, daga cikin ƙanƙara, ya gaishe mu da Hausa. Bakano ya durƙusa gaban akwatin ya ce, "Yauwa, sannu kadai, Baba. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Daga nan sautin ya fara nutsewa, ya taso, ya nutse. Suka yi sallama da wata lamba da masu rediyo ke rabuwa da ita, saba'in da uku, wai gaisuwa da fatan alheri. Tsawa ta faɗi kusa, Mushe ya zare waya. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Batirina kuwa ya mutu murus, sai da masunta da matan kifi suka tura mu cikin ruwan suna yi mini tsiya. Wani ɗan Maraɗi mai kanti a garin ya ba mu wurin kwana, ya ciyar da mu shinkafa da kifi, ya ƙi karɓar kome.

Da safe muka juyo, kular Bakano cike da kifin Mama har ba ta rufuwa. Hanya ta ƙara lalacewa amma ba mai duba agogo. Mushe bai bugi gaban motata ba ko sau ɗaya, har na ji kamar wani abu ya ɓace a injin. A shinge mai kula da dajin nan ya gane mu, ya leƙo yana murmushi ya ce kun kama yanyawar? Mushe ya ce mun kama, mun sake ta. Muka sauke shi a Owendo bayan azahar. Ya ɗauki jakarsa da tsagaggiyar sandarsa, ya rungume Bakano, ya ce masa mahauci. Bakano ya ce masa Mushe, bai yi dariya ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na farko, in fasinja ya faɗi kalma, in tambaye shi me yake nufi kafin in kai ta ƙofar masallaci. Na biyu, na daɗe ina ɗauka wasan yara ƙarewa yake yi in an girma. Ga tsofaffi biyu, ciwo ya ƙwace wa ɗaya baki, neman abinci ya jefa ɗaya bayan duniya, abin da suka tono a juji suna yara shi ya rage musu, kuma ya isa. Mu da muke zaune ƙasar mutane mun san nisa. Ban san mutum yana iya rasa baki ya ci gaba da magana ba, muddin akwai wanda ya san hannunsa.

Na shigo layinmu a gajiye, bayana kamar an daka. Na tsaya a ƙofar gida na danna oda, wato hon ɗin mota, yadda na saba, ban ma san ina da yadda na saba ba. Motoci nawa ke oda a layin nan daga safe zuwa dare. Kafin in ɗaga hannu na ji an zare sakata, maiɗakina daga bayan ƙofa, ko leƙowa ba ta yi ba, tana cewa, "Malam, sannu da zuwa. Ina yanyawar?"